Yankan tikitin jirgin ƙasa ta intanet: layi bai mutu ba, cikin waya ya koma

Duk wanda ya yanki tikitin jirgin ƙasa a zamanin taga ya san yadda ake yi. Ka yi sammako, ka tarar wani a tafe ya kwana. Layi ya miƙe daga bakin tagar akawu har wajen tasha, kowa da kuɗinsa a dunƙule a hannu, wasu da fom ɗin da suka cike da biron aro. Sai ka iso gaba akawu ya ɗago kai ya ce kujerun ranar sun ƙare. Yau manyan kamfanonin jiragen ƙasa sun mayar da wannan ciniki cikin manhaja da shafin intanet, kuma hukuncinmu a kan hidimar ba mai wuya ba ne: ta fi taga nesa ba kusa ba ga mai waya, mai katin banki, wanda ya san ranar tafiyarsa tun da wuri. Amma tana da inda take cizo, kuma kusan duk cizon daga abu ɗaya yake fitowa. Aikin da akawu ke yi a da, da kuskuren da yake ɗauke wa mutane, yanzu a wuyan fasinja suka rataya.

Sai an san abin da aka baro kafin a gane abin da aka samu. Ɗan kwalin nan mai lamba da aka daɗe ana hudawa a ƙofar tarago, wani shugaban tasha ne a Ingila mai suna Thomas Edmondson ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1830. Tsawonsa bai wuce milimita 57 ba, kowanne da lambarsa a jere, akawu ya zaro daga akwati ya buga masa kwanan wata. Birtaniya ba ta daina amfani da shi ba sai a 1990. Wannan kwali ya magance satar kuɗin tikiti, amma bai san komai game da kujera ba. Rabon kujeru da gadaje a littafi ake yin sa: kowace tasha a ware mata nata kason, in nata ya ƙare ya ƙare, ko da tasha ta gaba tana da gadaje goma babu mai so. In ana son aro daga wata tasha sai an buga waya an jira amsa. Shi ya sa a da za a ce maka babu wuri, ka shiga jirgi ka ga tarago rabinsa wayam.

Kwamfuta ce ta gyara wannan, tun kafin a san intanet. Japan ta fara a 1960 da tsarin MARS. Indiya ta fara nata a Delhi a tsakiyar shekarun 1980. Faransa ta kawo Socrate a 1993, wanda aka aro daga tsarin kamfanonin jiragen sama, kuma farkonsa bai yi daɗi ba, an sha dogon layi kafin ya daidaita. Abin da waɗannan suka yi shi ne tara duk kujerun a rumbu guda, kowane akawu a kowace tasha yana leƙa abu ɗaya. Da intanet ta zo, ƙofa kawai ta buɗe wa fasinja ya leƙa wannan rumbun da kansa. IRCTC, kamfanin sayar da tikitin jiragen ƙasa na gwamnatin Indiya, ta fara sayarwa ta intanet a watan Agustan 2002, da farko ma tikitin takarda ake aiko wa mutum har gida. Shafin 12306 na jiragen ƙasar Sin ya fara sayarwa a 2011.

Yadda cinikin yake tafiya

Matakan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ka buɗe asusu da lambar waya da imel, a turo maka lambar tabbatarwa. Ka sa tashar tashi, tashar sauka da rana. Ka zaɓi jirgi da aji. Ka shigar da sunan kowane fasinja yadda yake a katin shaidarsa ko fasfo. Daga nan tsarin ya riƙe maka kujerar na ɗan lokaci, a wasu wuraren minti 10, a wasu ya ɗan fi haka, ka biya, a fitar da tikiti mai lambar rajista. A Indiya wannan lamba, wato PNR, alƙaluma 10 ce, kuma tikiti ɗaya na ɗaukar mutum shida. In komai ya tafi daidai, minti uku sun isa. Wannan shi ne babban yabon hidimar, kuma ba ƙaramin yabo ba ne ga wanda a da sai ya kashe yini guda da kuɗin mota kafin ya san ko akwai wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin biya da fitar tikiti. A wannan ɗan tsakanin na'urori uku ne ke magana da juna: ta kamfanin jirgi, ta kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadinsa, da ta bankinka. Banki ya cire kuɗi ya gaya wa mai karɓa, mai karɓa ya gaya wa kamfanin jirgi, sannan a buga tikiti. In saƙon ƙarshe ya makara, ko sabis ya yanke kana tsakiyar sa lambar sirri, ko lokacin riƙon kujera ya cika kafin amsar banki ta iso, sai kujerar ta koma kasuwa alhali kuɗinka sun fita. Wannan ne ƙorafin da ya fi kowane yawa: alat ya shigo, tikiti babu.

Abin yi a nan yana da tsari, kuma yawanci gaggawa ke ɓata shi. Kada a sake biya nan take. A fara shiga sashen tafiye-tafiyen da aka yanka a cikin asusu, a duba imel har da akwatin tarkace, a ba shi kamar minti goma sha biyar. Sau da yawa tikitin ya fita, shafin ne kawai ya daskare kafin ya nuna. Wanda ya yi saurin sake biya sai ya wayi gari da tikiti biyu na jirgi ɗaya, kuma soke ɗayan da kuɗinsa. In kuwa an duba babu lambar rajista, to babu tikiti, komai alat ɗin da ke cikin waya. Mai duba tikiti ba ruwansa da saƙon banki. Kuɗin kan dawo da kansu bayan wasu kwanakin aiki, ta hanyar da suka fita, amma a ajiye lambar cinikin da banki ya bayar, don ita za a tambaya in aka kai ƙara. Kuma ana cikin biya kada a danna komawa baya ko sabunta shafi, shi ke yanke zaren.

Me ya sa ake cewa babu kujera

Mutane da yawa na zargin manhaja da ƙarya idan ta ce babu wuri daga nan zuwa can, amma ta nuna wuri a tafiya mai nisa a cikin jirgin nan dai. Ba ƙarya ba ce, lissafi ne. Ɗauki jirgi mai tsayawa a tasha 10. Tafiye-tafiyen da za a iya yi a kujera ɗaya tak sun kai 45. In aka sayar da kujerar daga tasha ta 3 zuwa ta 6, saura 13 kawai za a iya sayarwa a kanta: uku kafin tasha ta 3, goma daga ta 6 zuwa gaba. Tikiti ɗaya gajere ya kashe tafiya 32. Don haka kamfanoni kan ɓoye wani kaso na kujeru don masu tafiya mai nisa, su sake su ga masu gajeren zango sai tafiya ta matso. Kenan tsohon kason tashoshi bai mutu ba, ya dai koma hannun kwamfuta, kuma yana motsi.

Dabarar da wannan ke bayarwa ita ce a gwada nema daga tasha ɗaya kafin taka, ko zuwa ɗaya bayan inda za ka sauka. Za ka biya ɗan ƙari amma ka samu wuri. Sai dai a kula, in tikiti ya ce daga wata tasha za ka hau kuma ba a gan ka ba, a wasu ƙasashen mai duba tikiti na da ikon ba wani kujerar. Inda manhaja ta ba da damar canza tashar hawa, a canza tun kafin ranar.

Layin da ya koma cikin waya

A jiragen da ba su cika ba, babu wata gasa. A lokacin bukukuwa da hutu kuwa, turmutsitsin da ake yi a bakin taga shi ake yi a daƙiƙar da aka buɗe sayarwa. A ƙasar Sin ana buɗewa kwana 15 kafin tafiya, kuma a kakar tafiye-tafiyen sabuwar shekararsu, mai kwana 40, tikitin manyan hanyoyi kan ƙare cikin ƙiftawar ido. A Indiya an rage wa'adin yanka tun da wuri daga kwana 120 zuwa 60 a watan Nuwamban 2024, sannan akwai kason gaggawa da ake kira Tatkal, wanda ake buɗewa ana gobe tafiya, ƙarfe 10 na safe ga taragu masu sanyi, ƙarfe 11 ga sauran, mutum huɗu kacal a tikiti. A irin wannan lokaci shafi kan yi nauyi, ya fitar da kai, ko ya riƙe ka yana juyawa har kujeru su ƙare.

Abin da ke taimakawa ƙanana ne. A shiga asusu minti biyar kafin lokaci. A adana sunayen fasinjoji a cikin asusun tun jiya, don kada a tsaya rubutu. A zaɓi hanyar biya mafi gajarta, wadda ba sai an jira saƙon lamba daga banki ba in akwai irinta. Kada a buɗe asusu ɗaya a waya da kwamfuta lokaci guda, tsarin kan kori ɗaya ko duka biyun. Kuma kada a tsaya zaɓen kujerar gefen taga.

'Yan bumburutun tikiti ma ba su mutu ba. Da yara suke ɗauka su kwana a layi, yanzu manhajojin da ke cike fom cikin daƙiƙa suke amfani da su. Kamfanoni sun yi ta gwada magani. Ƙasar Sin ta ɗaure kowane tikiti da sunan mai shi da lambar katin ɗan ƙasa, yanzu ma katin shi ne tikitin, shi ake ɗorawa a ƙofa. A 2015 shafin 12306 ya kawo gwajin hotuna don bambance mutum da na'ura, abin da ya wahalar da mutanen fiye da na'urorin. Maganin da ya fi aiki, a ganinmu, shi ne jerin jira da suka kawo a 2019: ka biya kuɗi ka shiga sahu, duk kujerar da wani ya soke sai ta tafi kai tsaye ga na gaba a sahu, ba ta komawa kasuwa balle na'ura ta wafce. Wannan ya dawo da adalcin layi ba tare da tsayuwar ba, kuma ya kamata duk mai sayar da tikiti ya kwaikwaya.

Amma jerin jira ba ko'ina yake da ma'ana ɗaya ba. A Indiya akwai matakai biyu. Mai tikitin da aka sa wa alamar RAC zai hau jirgi, sai dai gado ɗaya ake raba musu su biyu su zauna har a samu wanda bai zo ba. Mai alamar WL kuwa, wato wanda ke jerin jira zalla, ba shi da komai tukuna. In aka fitar da jadawalin fasinjoji sa'o'i kafin tashi kuma tikitin intanet yana nan a WL, tsarin na soke shi da kansa ya mayar da kuɗi. Wanda ya hau da irin wannan tikiti, a idon doka ba shi da tikiti. Mutane kan faɗa wannan rami don sun ga an cire kuɗi kuma akwai lambar rajista.

Araha da igiyar da ke wuyanta

A da taga farashi ɗaya ta sani. Intanet ta yaɗa salon jiragen sama, inda kuɗin kujera ke hawa yayin da jirgi ke cika. Mai yanka da wuri na cin riba sosai, kuma manhaja mai kyau na nuna farashin kwanaki da yawa a jere, ka ga ranar da ta fi sauƙi. Faransa ma ta fito da Ouigo a 2013, jirgi mai araha wanda ba a sayar da tikitinsa a taga sam.

Sai dai araha ba ta ado. A Jamus, tikitin Sparpreis mai araha a ɗaure yake da jirgin da aka rubuta a kansa, in ka makara da laifinka ya tafi da kuɗinka, shi kuwa Flexpreis mai tsada kana iya hawa wani jirgin a ranar. Kuma a yawancin manyan jiragensu tikiti daban, kujera daban: in ba ka ƙara kuɗin kama kujera ba, kana iya tsayawa a ƙafa da tikitinka mai kyau a hannu. A jiragen TGV masu gudu na Faransa kuwa kujera a cikin tikiti take. A da akawu yakan faɗi wannan da baki. Manhaja a ƙaramin rubutu take sa shi, ƙasa da maɓallin biya, inda ido ba ya zuwa. Wannan aibi ne na gaske, kuma da wuya a ce ba da gangan ba ne.

Tafiya mai canjin jirgi ita ce ta fi buƙatar natsuwa. In zango biyu suna cikin tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani ne zai ɗora ka a na gaba. In ka yanke su daban-daban don neman sauƙi, sau da yawa kwangila biyu ce, kuma asarar taka ce. A Tarayyar Turai dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2023 ta tanadi diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti in jinkiri ya kai minti 60, kashi 50 in ya kai 120, amma lissafin a kan inda tikitin ya ce za a kai ka ake yi. A nan intanet ta yi abin kirki, don neman diyya da a da sai an cike takarda an aika, yanzu a cikin manhaja ake yi.

Kurakuran hannu

Waɗannan su suka fi ban haushi don babu wanda za a ɗora wa laifi. Na farko jirgin tsakar dare. Jirgin da zai tashi 00:20 ranar Asabar, ranar Juma'a da dare ake zuwa tasha. Wanda ya zo ranar Asabar da dare ya makara da kwana guda cur. Na biyu birni mai tasha fiye da ɗaya: Paris na da Gare du Nord da Gare de Lyon da wasu, Beijing na da ta kudu da ta yamma, kuma tsakaninsu tafiya ce. Na uku tsarin kwanan wata, inda wasu shafuka ke fara sa wata kafin rana, 04/05 ta zama abu biyu. A zaɓa daga kalanda a karanta sunan ranar. Na huɗu suna. Inda ake ɗaure tikiti da katin shaida, harafi ɗaya ko juya sunan mahaifi da na yanka na iya hana ƙofa buɗewa, kuma galibi ba a canza suna, sai dai a soke a sake yanka.

Sai shafukan dillalai. Akwai na ƙwarai, irin su Trainline, masu haɗa jiragen kamfanoni da yawa a wuri ɗaya, wanda ke da amfani in tafiya ta ratsa ƙasashe. Amma dillali kan ɗora ladansa, kuma in za a soke ko a canza, ta hannunsa za a bi, akawun tasha zai ce ba shi ya sayar ba. Akwai kuma na bogi, masu sayen talla su hau saman sakamakon bincike da launi da tambari irin na kamfani. A rubuta adireshin da hannu ko a sauke manhajar daga sananniyar ma'ajiya, kuma duk wanda ya ce a tura kuɗin tikiti asusun wani mutum, ɓarawo ne.

A bakin ƙofa

Tikitin waya ɗan tambari ne mai murabba'i, ko QR ko irin wanda ake kira Aztec da jiragen Turai suka fi amfani da shi. Na'ura ba ta karanta shi in hasken waya ya yi ƙasa, ko gilashi ya tsage daidai kan tambarin. A ƙure haske kafin a iso ƙofa. A sauke tikitin tun a gida, don cikin tasha da ramukan ƙarƙashin ƙasa sabis kan ɗauke. Hoton fuskar waya yana aiki a wasu wuraren, amma inda tambarin ke sauyawa ko sai an kunna tikiti a manhaja, hoto ba ya wucewa. Mutuwar batir ba uzuri ba ce a wurin mai dubawa, don haka a doguwar tafiya a buga kwafi a takarda, cikakken girma, kada a naɗe ta kan tambarin. Katin shaida kuma na ainihi ake riƙewa, wanda aka yi rajista da shi.

Akwai waɗanda hidimar ta bari a baya, kuma ba 'yan kaɗan ba ne: tsoho marar babbar waya, wanda kuɗinsa a hannu suke ba a banki ba, makaho da gwajin hotuna ya tare wa hanya, mai keken guragu da ke son tabbatar da akwai mai taimaka masa hawa. Da aka yi shirin rufe kusan dukkan ofisoshin sayar da tikiti a tashoshin Ingila a 2023, martanin jama'a ya kai kusan 750,000, aka janye shirin a watan Oktoba. Taga har yanzu ta fi manhaja a tafiyar ayari, a hanya mai canji uku ko huɗu, da ranar da aka soke jirage kowa na neman mafita, lokacin da manhaja ba ta da abin faɗa sai a sake gwadawa.

Wajen sokewa kuma agogo ne ke hukunci. Abin da ake yanka yana ƙaruwa yayin da lokacin tashi ke matsowa, kuma akwai iyakar da in an wuce ta ba a mayar da ko sisi. Tikitin da aka yanka ta intanet galibi ta intanet ake soke shi, ba a taga ba. Bayan an danna sokewa a jira saƙon da ke ɗauke da adadin da za a mayar, a kuma sake buɗe tikitin a ga ya nuna an soke. In mutum huɗu ne a tikiti ɗaya kuma ɗaya ne ya fasa, a duba akwatin da ke gaban sunansa shi kaɗai, don a wasu manhajojin duka huɗun ke zuwa a zaɓe tun farko.